Yadda na gyara jan layin da ya ɓata mana hotuna

Ni da maiɗakina mun je tsibirin Bali na Indonesiya da tsohuwar kyamarar fim, da muka dawo Jos aka wanke sai ga jan layi a gefen hotunan bakin teku da na haikalin Tanah Lot, wallahi abin ya min ciwo. Ashe haske ne ke shiga ta murfin baya, soson da ke toshe wurin ya tsufa ya narke kamar kwalta. Na kankare shi da tsinken sakace da auduga mai sifirit, a hankali fa, kar hannu ya taɓa labulen ciki mai buɗewa haske ya faɗa kan fim, sannan na sayo baƙin zaren ulu a kasuwar Taminus na cusa a ramukan da soson yake, wajen hinji kuma na manna siririn soso. Na sa fim ɗin Kodak Gold 200 na gwada da rana tsaka, fes suka fito. Na Bali kuwa gefen na yanke a kwamfuta.