Yadda ɗan talaka zai biya kuɗin jami'a da na ɗaki a Yamai

Ka ci bak, jarrabawar gama sakandare, gida an yi guɗa, an sa maka albarka. To, sai ka zauna ka yi lissafi tun ba ka hau mota ba, don Jami'ar Abdou Moumouni tana can Harobanda, ƙetaren Gadar Kennedy, kuma wata ukun farko su ne masu karya ɗalibi.

Fara da takardu. Takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, shaidar bak da takardar makinka, hotuna: ka yi kofi da yawa, ka kai a buga musu hatimi tun kana garinku. Ka duba sunanka harafi-harafi. Na ga wanda "Mahamadou" ne a wata takarda, "Mamadou" a wata, ya yi makonni yana safa da marwa kafin a gyara.

Sannan ka ajiye dosiyenka a ANAB, hukumar da ke kula da bursi da kuɗin tallafin ɗalibai. Wanda bai samu bursi ba yana iya neman tallafin, kada ka ce ba ka da kowa ka ƙi nema. Amma ga maganar da nake so ta zauna maka: ko sunanka ya fito, kuɗin ba ranar suke zuwa ba. Sukan yi jinkiri, mai gida kuwa ba ya jira. Saboda haka kuɗin rajista da guzurin wata uku, daga gida za ka haɗo su. In akuya ce za a sayar, a sayar. In kawu ne ya yi alkawari, ya turo ta Nita ko Amana kafin ka taso. Kuɗin rajistar ka ware su daban, ka biya da isowarka, ka ɓoye rasit kamar ƙwai.

Sai makwanci, kuma nan ne aikin yake. CROU, hukumar da ke kula da zaman ɗalibai, ke raba ɗakunan site, wato gidajen kwanan ɗalibai, ita ke riƙe da resto, wurin cin abincinsu, da motocin ɗalibai. Gadajen ba su isa kowa, don haka ka rubuta sunanka da wuri, ka kuma nemi ƙungiyar ɗaliban yankinku. Ƴan Tahoua, ƴan Maraɗi, ƴan Damagaram, kowa ya san nasa, kuma sau da yawa wani yaya zai shimfiɗa maka katifa a ƙasa kafin ka samu wuri. In haya ta kama, ku haɗu uku ko huɗu a Lamorde, Karaje ko Kirkisoy, inda za ka taka da ƙafa zuwa aji. Kafin ka ba da ko dala, tambayi wata nawa ake biya gaba, wa ke biyan wuta da ruwa, a kuma rubuta. Ka dubi gindin bango: unguwannin nan na bakin kogi ne, ambaliyar 2020 ta yi musu ɓarna, kuma ruwa yakan bar zanensa. Ɗaki mai arha a watan Janairu yana iya zama tafki a Agusta.

Ciki kuwa, tikitin resto ya fi komai sauƙi. Sayi na wata guda ranar da kuɗi suka shigo. Buhun gero ko garin rogo da ƙuli-ƙuli daga gida su rufe sauran.

Don ƙarin ƴan kuɗi, koyar da yara a gidajensu da maraice shi ne sana'ar ɗalibi, musamman masu shirin jarrabawar BEPC. Gida biyu sun isa. In ka kwashi biyar, kai za ka faɗi jarrabawa, kuma maimaita aji na iya taɓa bursinka.

Ranar da bursin ya faɗo, abokai za su ce a je a ci nama. Fara zuwa wurin mai gida da mai shagon da ke rubuta maka bashi, ka ajiye kuɗin tikiti, sannan ka ga abin da ya rage.