Yadda Ake Ziyartar Dutsen Rushmore Da Na Crazy Horse Ana Kwana A Tanti

Duwatsun nan biyu, Rushmore da aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a jikinsa da Crazy Horse da ake sassaƙa siffar wani jarumin ƙabilar Lakota mai wannan suna, suna yankin Black Hills a jihar Dakota ta Kudu, Amurka, kuma tsakaninsu mil 17 ne kacal. Wanda ya ga ɗaya ya juya gida, rabin labari ya ji. Ga yadda za ka tsara tafiyar.

Da farko, zaɓi lokaci. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba hanyoyi a buɗe suke. Amma ka kauce wa farkon Agusta, lokacin taron 'yan babur na garin Sturgis, don babura kan cika ko'ina, wurin kwana ya yi wuya, farashi ya tashi.

Na biyu, kama wurin kafa tanti tun da wuri. Ba a yarda a kwana a harabar Rushmore ba. Yawancin matafiya suna yada zango a gandun Custer State Park, a wurare kamar Sylvan Lake da Stockade Lake, ko a bakin tafkin Horsethief da ke daf da dutsen. Ta intanet ake kama wuri, kuma na rani kan ƙare watanni kafin lokaci. Kayan abinci da gas ɗin risho kuwa, saya a Rapid City kafin ka hau tudu. Kada ka raina bargo: ko a Yuli dare na da sanyi, sannan hadari kan taso da yamma, wani lokaci har da ƙanƙara.

Na uku, yi sammako zuwa Rushmore. Fuskokin suna kallon kudu maso gabas, don haka hasken safiya ne ke fito da su sosai. Idan ka biyo hanyar Iron Mountain Road daga kudu, za ka ratsa ramukan da aka huda a cikin dutse, waɗanda aka saita su yadda kana fitowa za ka hango fuskokin a gabanka. Sai dai ramukan ƙanana ne. Mai babbar mota irin mai ɗaki a ciki ya auna faɗinta da tsayinta tukuna, musamman kafin ya doshi Needles Highway.

Shiga kyauta ne, kuɗin ajiye mota kawai za ka biya. Kada ka tsaya a dandalin ɗaukar hoto ka ce ka gama. Bi hanyar ƙafa ta Presidential Trail, mai matakala 422, har ƙasan dutsen, inda tarin ɓaraguzan sassaƙa yake zube. A nan ne za ka gane girman aikin: Washington da Jefferson da Theodore Roosevelt da Lincoln, kowace fuska tsayin ƙafa 60. Masassaƙi Gutzon Borglum ya fara a 1927, ɗansa Lincoln Borglum ya rufe aikin a 1941, da ma'aikata kusan 400. Nakiya ce ta cire mafi yawan dutsen, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba a wurin aikin.

Na huɗu, bayan azahar ka wuce Crazy Horse, ka tafi da sanin dalilin yin sa. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar, wannan yanki, sai aka gano zinariya a 1874, gwamnati ta ƙwace shi a 1877. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce a biya diyya, su kuwa suka ƙi karɓa, ƙasarsu suke so. Wani shugabansu, Henry Standing Bear, shi ya gayyaci masassaƙi Korczak Ziolkowski, aka fara aiki a 1948. Fuskar jarumin, mai tsayin ƙafa 87, sai a 1998 aka kammala ta, sauran aikin har yau ana kai. Aikin ba ya karɓar kuɗin gwamnati, shi ya sa nan ake biyan kuɗin shiga. Hau bas ɗin da ke kai mutane gindin dutsen, sannan ka ba gidan tarihin lokaci, don a ganina ya fi dandalin kallo amfani. Ka kuma sani cewa ko cikin Lakota akwai masu ganin fasa dutse mai tsarki ba girmamawa ba ne.

A hanyar komawa zango, in garken baunar Amurka ya tare titi a Custer, zauna cikin mota ka jira su wuce. Suna da nauyin jiki, amma sun fi mutum gudu nesa ba kusa ba.