Yadda na gyara ɗan kan jirgina mai tsayawa a mararraba

Ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa ne na wasa, irin mai jera taragu a tasha, ƙirar HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman na gaske. Yayana ne ya kawo mini shi Gusau. Faɗin dogonsa milimita 16.5, kuma wutar bolt 12 yake ja daga jikin dogon ta ƙafafunsa.

Da hunturu ya kama sai ya fara gardama. A miƙaƙƙen layi lafiya lau, amma da ya zo mararraba a hankali sai ya ƙame, sai na zungure shi da yatsa. Ga shi aikinsa ke nan, tafiyar hawainiya.

Na fara zargin na'urar wuta, na auna, ƙalau take. Ashe laifina ne. Man da na cika masa ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo a ƙafafu. Ƙafa huɗu gare shi kusa da juna, kuma tsakiyar mararrabar roba ce, ba ta ɗaukar wuta. Da ɗaya ta hau robar, sauran kuma da datti, shi ke nan, wuta ta yanke.

Na jiƙa ƙyalle da sifirit na goge ƙafafun da dogon. Kada a sa sanfefa, tana karce ƙarfe, datti ya ƙara samun maƙale. Siraran tagullar da ke gugar bayan ƙafafu suna ɗaukar wuta kuwa, ɗaya ta saki, na ɗan lanƙwasa ta da hantsaki.

Yanzu yana ratsa mararrabar da taragu biyar. Da dare ina rufe layin da tsohon zani.