Yadda za ka gano abin da ke shanye maka wuta a gini

Da farko je wajen mita ka rubuta lambar kWh (wato yunit, ma'aunin yawan wutar da aka sha) ɗin da take nunawa, gobe daidai wannan lokacin ka sake dubawa ka cire ta jiya daga ta yau, abin da ya rage shi ne wutar da kuka ci a yini ɗaya.

Sai ka bi kayan wuta ɗaya bayan ɗaya. Duba bayan kowanne akwai wata ƴar takarda da aka rubuta wat ɗinsa, ka ninka da awannin da yake a kunne ka raba da 1000. Misali hita mai wat 1500 in tayi awa 4 ta ci kWh 6 kenan. Amma fa firji da AC basa bin wannan lissafin sosai don kwamfuresa, wato injin da ke kawo sanyin, tana tsayawa ta tashi, su kam gara ka samo ƙaramar mitar nan da ake soka wa a soket.

Da dare kuma ka kashe komai ka leƙa mita, in har tana tafiya to akwai abin da ke jan wuta a ɓoye, yawanci talabijin ne ko caja ko UPS (na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke).