Yadda na cire jan rini daga bargon da maigida ya saya mini

Ranar haihuwata ta faɗo Asabar ta biyu a watan Yuli, ranar da ake baje kolin barguna a Sisters, wani ɗan gari a jihar Oregon ta Amurka. Tun 1975 suke wannan al'ada, a rataye bargunan haɗe-haɗen ƙyalle a jikin shaguna. Tafiyar kusan awa 3 ce daga Portland, muka je muka dawo a ranar. Maigida ya saya mini wani mai ja da fari.

Wankin farko jan ya zuba, farin ya koma ruwan hoda. Laifina ne, ban fara goga shi da jiƙaƙƙen tsumma in ga ko rinin yana zuba ba.

Ban shanya shi ba, don in ya bushe rinin zama yake yi. Na cika bahon wanka da ruwa mai zafi sosai, na zuba sabulun wanke-wanke na ruwa, na danne bargon da robobi don ya nitse duka. Da ruwan ya yi ja na sauya. Bayan awa 12 na ɗauraye, na shimfiɗa a inuwa.

Farin ya dawo, sai gefe ɗaya da ya ɗan rage, shi nake juyawa bango.