Sabon zuwa a gidan bene: yadda za ka raba sifikarka da daɓe da kuɗi kaɗan

Ɗan'uwa, idan ka samu ɗaki a bene a ƙasar da ka sauka, kafin ka jona sifikokinka ka tsaya tsakiyar falo ka ɗan daka tsalle. In ka ji ƙasa ta amsa, kofuna suka yi ƙara a kabad, to daɓen katako ne a ƙarƙashinka, ko da an rufe shi da kafet ko leda. Tsofaffin gidaje da yawa a Ingila da Amurka haka suke: alluna ne a kan azarar katako, a ƙarƙashin azarar kuma silin ɗin maƙwabcinka. Irin wannan daɓe tamkar fatar ganga ne, sifikarka ce makaɗin.

Hanya biyu sauti ke bi. Akwai ta iska, wadda kunnenka ke ji. Akwai kuma ta jikin gini: wufa, wato babban faifan sifika mai fitar da bes, na kai da komowa, akwatin na jijjiga, jijjigar ta sauka cikin daɓe, ta bi azara da bango ta ɓulla ɗakin wani. A iska sauti na cin kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, a katako da kankare kuwa ya kai ninki goma na haka. Muryar mawaƙi ba ta cika isa can ba. Bes ne ke isa, wannan dum-dum ɗin da ake ji a ƙirji. Shi ya sa kai a ganinka ka rage ƙara, shi kuma na ƙasa yana dukan silin da sandar mofa. Kuma lamarin bai tsaya a ɓacin rai ba. A Jamus lokacin shiru na farawa ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A Ingila dokar hayaniya ta 1996 ta ɗauki 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin dare, ƙaramar hukuma ce ke karɓar ƙorafi. Ka duba takardar hayarka ma, sau da yawa akwai sharaɗin a ciki.

Dogayen sifikoki kan zo da ƙusoshi huɗu masu tsini da ake ɗaurawa a gindinsu, mutane na zaton su ne maganin jijjiga. Ba haka ba ne. Aikinsu su huda kafet su kafe sifika daram a ƙasa, wato haɗa ta suke yi da daɓe, ba rabawa ba. A kan kankare ba laifi. A kan katako kuwa sun miƙa wa daɓen jijjigar kai tsaye, ga ramuka da za su bari, waɗanda mai gida zai cire daga kuɗin ajiyarka ranar tashi. Cire su ka adana.

Abin da ke aiki shi ne nauyi a sama, laushi a ƙasa. Ka nemi falalen kankare irin wanda ake shimfiɗawa a lambu, ko allon dutse mai kauri na yanka a kicin, wanda ya ɗan fi gindin sifikar faɗi. Sifika ta hau kansa, a ƙarƙashinsa kuma ka sa roba mai laushi a kusurwa huɗu.

A nan ne yawanci ake ɓata aikin, don haka bari in tsaya. Duk abu mai nauyi da ke zaune a kan abu mai laushi yana da saurin lilon da ya fi karɓa. Ba a fara samun rabuwa sai jijjigar da ke zuwa ta wuce ninki 1.4 na wannan lilon. In ta faɗo daidai kansa, ƙaruwa ma take yi. Idan nauyi ya danne sifirin na ƙarfe, irin na katifa, da milimita 1, lilonsa na kusan 16 Hz, wato sau 16 a daƙiƙa guda. In ya danne shi milimita 4, ya sauko kusan 8 Hz. Roba ta fi haka ɗan taurin kai, nata lilon ya kan fi wannan lissafi yawa. Tsirkiya mafi kauri a gitar bes mai tsirkiya huɗu kuwa 41 Hz take bayarwa. Ka ga kenan kana son robar ta lotsa yadda ido zai gani, amma kada ta kwanta ɗungurungum. Wanda ya shimfiɗa babbar tabarmar roba guda ya ɗora sifika a kai bai yi komai ba, domin nauyin ya bazu, robar ko motsi ba ta yi ba. Yanka ta ƙanana, kowane yanki kamar faɗin yatsu biyu ko uku. In ba su lotsa ba ka ƙara rage su, in sun kwanta ka ƙara na biyar da na shida.

Tabarmar roba da ake sa wa injin wanki ta isa wannan aiki. Ƙwallon sukwash ko na tanis da aka raba biyu ma na yi. A ganina babu kamar tif ɗin ƙaramin keke da aka hura wa iska kaɗan aka kwantar ƙarƙashin falalen, sai dai iskar na zurarewa a hankali, kuma sifika na rangaji a kansa. Mai ɗan hali zai iya sayen Sorbothane, wani nau'in roba mai shanye jijjiga, wanda ke zuwa da lambar tauri 30 ko 50 ko 70, ana kuma so nauyi ya danne shi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kaurinsa. Kwali da kafet kaɗai kuwa, kada ka wahalar da kanka, bes ba ya ganinsu.

Abu biyu kada su wuce ka. Baƙar roba na barin tabo a leda da katakon da aka shafa wa fenti mai ƙyalli, tabon da ba ya fita, don haka ka sa farar takarda mai kauri ko ƙyalle tsakaninta da daɓe. Sannan in akwai yara a gidan, doguwar sifika a kan abu mai laushi tana iya rikitowa kansu. Ka faɗaɗa falalen, ka haƙura da tif.

Ƙananan sifikoki masu hawa ƙafar ƙarfe sun fi sauƙi. In ƙafar rami ce da ita, cika ta da busasshen yashi (ɗanye na sa tsatsa), ka liƙa sifikar a sama da ɗan Blu Tack (danƙon liƙa takarda a bango), robar kuma ta shiga ƙarƙashin ƙafar.

Wurin ajiyewa ma na da nasa. Kusurwar ɗaki na ƙara wa bes ƙarfi, tsakiyar ɗaki kuma nan ne daɓe ya fi lilo, tunda nesa yake da inda azara ta zauna a bango. Ka nemi tsaka-tsaki, ka kuma guji bangon da ke bayan gadon maƙwabci.

Don ka san ko aikin ya yi, ajiye kofin ruwa a ƙasa kusa da sifika, saka kiɗa mai bes, ka dubi fuskar ruwan kafin ka sa roba da bayan ka sa. Tafin hannu a daɓe ma na faɗa maka. Wanda ya fi duka shi ne ka ƙwanƙwasa ƙofar na ƙasa da rana, ka roƙe shi ya bar ka ka saurara daga falonsa yayin da kiɗan ke tashi a naka. Abin da za ka ji a can bayan duk wannan aiki shi ne wanda ya biyo iska, shi kuwa roba ba ta tare shi. Maganinsa maɓallin bes: rage desibel 10, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, na sa kunne ya ji kamar ƙarar ta ragu da rabi. In kana da wufa ta daban, kashe ta in lokacin shiru ya yi, ka koma abin sawa a kunne.