Babi na 7: Zaɓen wajen kwana a daji in za a fita da iyali

Darasi na 1: Buɗe shafi

To 'yan uwa, kowa ya fito da littafinsa da biro. Wannan babin na masu son in an yi hutun makaranta ko bayan Sallah su kwashi uwargida da yara a je a ga daji a kwana ɗaya ko biyu a dawo. Abu ne mai kyau, yaro ya ga giwa da idonsa ba a waya ba. Da Yankari za mu yi misali tunda ita ce kowa ya taɓa jin sunanta, amma abin da za ku koya a nan zai yi muku aiki ko ina za ku.

Buɗe sabon shafi, wanda ba a rubuta komai a kai ba. A can sama rubuta sunan wurin da manyan baƙaƙe: YANKARI. A ƙarƙashinsa rubuta jiha, Bauchi. A ƙarƙashi kuma ƙaramar hukuma, Alkaleri. A gefen dama sa kwanan watan yau. Sai ka ja layi. Wanda hannunsa ke rawa ya bi a hankali, ba tsere muke ba.

Yanzu hanya. In ka fito daga garin Bauchi hanyar Gombe za ka ɗauka, in ka kai Dindima sai ka bar babban titi ka nufi ƙauyen Mainamaji, nan ƙofar shiga take. Amma fa isa ƙofa ba isa masauki ba ne, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke akwai wajen kilomita 42 a cikin daji. In ka ga allo an rubuta 42 km, waɗannan baƙaƙen biyu, k da m, kilomita suke nufi. Don haka a sha mai a cika tanki tun daga Bauchi, a yi sammako, kar magariba ta same ku a hanya da yara.

Darasi na 2: Kiran waya da ƙirga sifili

Wannan darasin shi ne zuciyar babin, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kansa.

Kafin ka gaya wa yara za a tafi, kira wurin. Lambar kuma ka karɓe ta daga wanda ya je kwanan nan ko daga ofishin da ke kula da wurin, ba duk lambar da ka gani a Facebook ba, akwai masu buɗe shafi da sunan wuraren shaƙatawa su ce a turo kuɗin kama ɗaki su gudu. Littafi a buɗe a gabanka, biro a hannu, sannan ka danna kira. Yi sallama, faɗi ku nawa ne, manya nawa yara nawa, da ranar da kuke son zuwa, sannan ka tambayi kuɗi.

In ya faɗi kuɗin kar ka ce to. Rubuta tukuna. Sannan ka ƙirga sifilin da ɗan yatsa.

Duba nan. 5,000 dubu biyar ke nan, biyar da sifili uku. 50,000 dubu hamsin, biyar da sifili huɗu. 15,000 dubu sha biyar, ɗaya da biyar da sifili uku. Ɗora yatsa a kan kowane sifili ka ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku. Waƙafin nan da ke tsakiya ba lamba ba ce, alama ce kawai da ke nuna maka an shiga dubu, duk abin da ke hagunsa shi ne yawan dubban. Sake dubawa. 5,000, me ke hagun waƙafi? Biyar. 50,000, me ke hagu? Hamsin. Madalla, kun ga ba wuya. In kuma da Turanci mutumin ya faɗa maka ce masa don Allah ya maimaita da Hausa, saboda a waya sha biyar da hamsin na Turanci kusan sautinsu ɗaya ne.

Ka rubuta, ka ƙirga sifili, saura tambaya ta biyu wadda ita ce kowa ke mantawa: wannan kuɗin na mene ne? Na mutum ɗaya ne ko na ɗaki? Na kwana ɗaya ne ko na duk zaman? Yara ma suna biya? Daga shekara nawa? Amsar da ya ba ka rubuta ta a gefen lambar, kar lamba ta zauna ita kaɗai a shafi. Lambar da ba a rubuta ta mene ce ba ba ta da amfani, gobe in ka duba ba za ka san me take nufi ba.

Ga misali, kuma lambobin nan na koyo ne kawai, ba farashin kowane wuri ba ne. An ce maka ɗaki 20,000. Kai a ranka ka ce dubu ashirin ai da sauƙi. To ku bakwai ne, ɗaki ɗaya ba zai ɗauke ku ba sai biyu, 40,000 ke nan. Kwana biyu za ku yi, ya zama 80,000. Ba a zo kan kuɗin shiga ƙofa ba, wanda yawanci kowane kai ake biya wa, ba a zo kan kuɗin motar da ke zagayawa da mutane cikin daji ba, ga abinci ga mai. Na ga magidanci a ajin nan da ya dawo ransa a ɓace, ya je wani wuri da abin da ya ɗauka zai isa, a bakin kanta aka buga masa lissafi yara na tsaye a bayansa riƙe da jakunkuna, dole suka juya ba su kwana ba. Ba wanda ya cuce shi, tambaya ɗaya ce bai yi ba.

To mu sake. Kira. Rubuta lambar. Ƙirga sifili da yatsa. Tambayi ta mene ce. Rubuta a gefe. Sannan ka karanta masa abin da ka rubuta, ka ce ranka ya daɗe na rubuta dubu kaza, kuɗin ɗaki ɗaya kwana ɗaya, haka ne? In ya ce haka ne ka roƙe shi ya turo maka ta saƙon tes, ka gwada da na littafinka sifili da sifili. Babu kunya a ciki, wanda ke aiki a irin wurin nan ya saba da tambaya.

Kuma masu ce min Malam ai na riƙe a ka, don Allah ku daina. Ba ku riƙe ba. Sati na zagayowa in na tambaya sai a fara sosa ƙeya ana cewa kamar dubu biyar ya ce ko hamsin ne. Me ya kawo ku aji in ba za ku rubuta ba? Littafin nan ba don ado aka raba shi ba. Manya ne ku, wasunku sun haife ni, ba na jin daɗin yin faɗa, amma kuɗin guminku ne zai salwanta.

Darasi na 3: Wurin ya dace da yara?

Juya shafi. Yanzu tambayoyin da suka shafi yara da mata, su ma a waya za ka yi su ka rubuta eh ko a'a a gaban kowace. Akwai banɗaki a cikin ɗakin ko sai an fita waje? Akwai ruwa, akwai wuta da dare? Akwai gidan sauro ko mu zo da namu? Ina ake sallah? In yaro ya yi zazzaɓi cikin dare ina asibiti mafi kusa? In tanti kake son kafawa tambayi ko an yarda da kuma inda aka ware, ba a kafa tanti inda aka ga dama a dajin da ke da giwa da ɓauna. Ni dai shawarata mai ƙananan yara ya kama ɗaki mai ƙofa da makulli.

Dalilin makullin shi ne gwaggon biri. A sansanin Wikki suna yawo a tsakanin ɗakuna, su da gadu, kuma sun saba da mutane har ba sa tsoro. In yaro ya fito da leda a hannu ko burodi biri zai iya fizgewa, in ka bar taga a buɗe zai shiga ya kwashe abinci. A rufe ƙofa, a rufe gilashin mota, kada a ba su abinci ko da yara sun roƙa.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne yara suka fi so. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, da ɗuminsa dare da rana rani da damina, wajen digiri 31, ga shi garau har kana hango yashin ƙasa. Wannan hasken nasa shi ke ruɗar mutane, sai ka ga kamar ba zurfi alhali akwai inda zai shanye babban mutum. Yaro ba ya shiga sai da babba a cikin ruwan tare da shi, ba babba a bakin ruwa yana danna waya ba. Hajiya in kina son shiga da 'yan mata ba cikin cunkoson maza ba, a tambayi ma'aikata lokacin da mutane suka fi ƙaranci. A tambaya kuma ko wankan da kuɗinsa daban, in da kuɗi kun san abin yi, a rubuta, a ƙirga sifili, na mutum ɗaya ne ko na iyali duka.

In za a shiga motar zagaya daji a sa wa yara riga mai dogon hannu mai haske saboda tsando, ya fi bin baƙi da shuɗi.

Darasi na 4: Lokaci

Da rani ake zuwa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta bushe dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji, an fi ganinsu, sai dai akwai zafi, a riƙe ruwan sha da yawa. Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu, a ɗauki rigunan sanyi da bargo. Lokacin Sallah da Kirsimeti ɗakuna na cika da wuri kuma kuɗi kan canza, farashin da maƙwabcinka ya biya bara ba naka ba ne, kira ka rubuta sabo.

Darasi na 5: Wasu wuraren

A jihar Bauchi akwai Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Mutanen Kano suna da dam ɗin Tiga. Na wajen Suleja da Minna suna da Gurara, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, amma da damina ruwansa na da ƙarfi sosai, kar a kai yara kusa. Kowanne ka buɗe masa shafinsa, ka tambaya ko ana kwana ko yini kawai ake yi. Ka kuma tambayi direbobin tasha lafiyar hanyar a satin da za ku tafi, in sun ce a dakata a dakata.

Darasi na 6: Aikin gida

Rubuta waɗannan da kalmomi: 3,500 da 35,000 da 12,000. Zaɓi wuri ɗaya ka kira, ka kawo min shafin ranar aji mai zuwa, kowace lamba da bayaninta a gefe.